Kundin aikin 'Yan Guga

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Na buɗe wannan kundi ne saboda takardu sun fara fin ƙarfina, wasu a jaka, wasu a ƙarƙashin katifa, wasu a cikin waya. Wata huɗu ke nan muna zama duk Asabar bayan la'asar a zauren gidanmu da ke Tudun Wada a Kaduna, mu shida a kan tabarma biyu, muna gwada wasan labari da nake ginawa da Hausa. Wanda bai taɓa ganin irinsa ba, ga yadda yake: mutum ɗaya ke riƙe da labari, shi ke faɗin inda aka tsaya da abin da ya tunkaro. Sauran kowa da jaruminsa, ya faɗi abin da jarumin zai yi, in abin mai wuya ne a jefa ƙwaya irin ta ludo ta raba gardama. Tushen irin wannan wasa shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Mu a zaurenmu Mai Gatana muke ce wa mai riƙe da labarin, don da "ga ta nan, ga ta nanku" yake buɗe zama, sauran su amsa "ta zo mu ji ta".

Ƙasar wasan ta tsaya da ƙafarta. Akwai birane da ganuwa, akwai kasuwanni, akwai hanyoyin fatake. Jaruman ne ba su da tushe. A takardar farko na rubuta "mafarautan aljanu" na wuce abina. Yau ƙanwata, wadda ita ce ƙaramar cikinmu a wasan, ta ɗaga takardar ta ce, "Yaya, wa ya sa su wannan aiki? Wa ya fara?" Zauren ya yi tsit, kowa ya zuba mini ido. Aikina na wannan rani ke nan.

Lahadi, 19 ga Janairu

Na kwana biyu ina bin yadda wasannin waje suka amsa wannan tambaya. A Diablo III na kamfanin Blizzard, wanda ya fito a 2012, maharban shaiɗanu mutane ne da suka tsira bayan an hallaka danginsu, kuma ƙarfinsu a kan ma'auni biyu yake tafiya, ƙiyayya da horon kai. A World of Warcraft, tun 2016 da aka ba 'yan wasa damar ɗaukar irin wannan jarumi, maharbin idanunsa yake sadaukarwa, ya haɗiyi ƙarfin abin da yake farauta. Duka biyun daga raunin mutum ɗaya suka taso: an cuce ni, zan rama.

Na gwada zuba wannan a ƙasarmu, shafi uku cur. Yaro ya dawo daga kiwo ya tarar an cinye garinsu, ya ɗauki kwari da baka ya shiga daji shi kaɗai. Da na karanta a fili sai na ji zanen aro ne, bai rufe katara ba. A wurinmu wanda aka yi wa irin wannan rashi ba a barinsa ya shiga daji shi kaɗai. Kawu zai zo, gwaggo za ta zo, mai unguwa zai sa baki, kafin a yi sadakar bakwai an san gidan da zai zauna. Ramuwa akwai ta, amma ba ta kafa sana'a. Sana'a a ƙasar Hausa gado ce. Maƙera, mahauta, masunta, wanzamai, kowa da sarkinsa, da kiɗansa, da kirarinsa, da abin da ba a yi a gidansu. In har jarumaina za su zauna daidai a cikin wannan ƙasa, sai su zama masu sana'a irin waɗannan, waɗanda gari ya san amfaninsu, ya kuma san inda zai same su.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Bayan karatun asuba na tsaya har kowa ya watse, na matsa kusa da malaminmu na ce, "Allah gafarta Malam, ina da tambaya, amma a kan wasa ce." Na kwashe komai na faɗa masa. Ya saurara har ƙarshe bai katse ni ba. Sannan ya ce in buɗe Suratul Jinni, in duba aya ta 11 da ta 14, inda aljanu da bakinsu suke faɗin cewa a cikinsu akwai salihai akwai waɗanda ba haka ba, akwai Musulmi akwai karkatattu. Ya ce, "To ɗana, halittar da aka ɗora wa ibada kamar yadda aka ɗora maka, ka ce farautarta ake yi? Wanne za ka harba, wanne za ka bari?"

Wannan tambaya ta rushe mini kalma guda da na gina wata huɗu a kanta, kuma na gode da ta rushe tun yanzu. Abin da wasannin Turawa ke nufi da shaiɗan daban, aljanin da muka sani daban. Namu maƙwabci ne da ba a gani. Saboda shi ne ake hana yara zama gindin tsamiya da tsakar rana, ake kiransu su shigo gida in magariba ta kawo jiki, ake yin bisimilla kafin a watsa ruwan zafi a ƙasa. Duk wannan zaman lafiya ake nema da shi, ba yaƙi ba.

A hanyar gida na yanke hukunci na biyu, kan iskokin bori. Da farko na yi niyyar ɗauko su Sarkin Aljan, Ɗan Galadima, Inna, Kure da Sarkin Rafi, da birninsu Jangare, in mai da su abokan gaba, don sunayen a shirye suke, kowa da halinsa. Na fasa. Ni ba ɗan bori ba ne, na kuma san matsayin malamanmu a kansa, amma abu ne da wasu mutane suka ɗauka da gaske har gobe, ba kayan da zan jera a tabarma a jefa musu ƙwaya ba.

Wanda ya rage mini shi ne Dodo. Dodo ɗan tatsuniya ne, ita kuwa tatsuniya da bakinta take cewa ba don Gizo ba da na yi ƙarya. Wannan fili ne da zan yi gini a kai ba tare da na taka gonar kowa ba.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Hazo da mura sun kwantar da ni kwana biyar. Abin da na iya kawai, na bi takardu na soke "aljanu" na sa "dodanni". Wuri arba'in da ɗaya.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Ranar Alhamis na yini a Gidan Arewa da ke titin Rabah, tsohon gidan Sardauna, wanda aka mayar cibiyar binciken tarihi a 1970, daga baya ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Na je neman maharban da suka kafa gari, na kuwa samu. Tarihin Kano ya siffanta Barbushe na Dala da cewa ƙaƙƙarfan maharbi ne mai kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka. Amma inda na daɗe shi ne labarin da kowannenmu ya haddace tun firamare, har ya daina jin abin da ke cikinsa.

Bayajidda ya taso daga Bagadaza, ya zauna Borno, ya bar matarsa a Garun Gabas, ya biya Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya iso Daura da dare. Ya sauka gidan wata tsohuwa, Ayana, ya nemi ruwa. Ta ce babu, maciji mai suna Sarki ya tare rijiyar Kusugu, ba a ɗiba sai ranar Juma'a. Ya karɓi guga ya tafi, ya zura, macijin ya riƙe, ya jawo shi ya sare kansa. Sauran kowa ya sani: Daurama, Bawo, Hausa Bakwai. Farfesa Abdullahi Smith, wanda shi ne shugaban Gidan Arewa na farko, yana cikin masanan da suka ja hankali kada a ɗauki wannan labari a matsayin yadda Hausawa suka faro kai tsaye. Ni ba tarihi na je nema ba, ƙirar labarin na je gani.

Abin da na gani shi ne, babu ƙiyayya a ciki ko ƙanƙani. Macijin bai kashe wa Bayajidda kowa ba. Ƙishirwa ce ta kai shi rijiya, tasa da ta dabbarsa, ya tarar ƙishirwar ta gari duka ce. Kuma ba abin da ya yi aikin da shi da yake nasa na kansa. Wuƙa ta maƙeran Gaya ce. Labarin macijin daga bakin tsohuwa ya ji. Masauki nata ne. Guga nata ne. Na zauna a kan benci a ƙarƙashin bishiya ina maimaita wannan a zuciyata: guga nata ne. Shekara nawa muna ba da labarin nan, wa ya taɓa tambayar ko an mayar wa tsohuwa da gugarta?

A nan sunan ya zo. Jarumaina 'Yan Guga ne. Dokarsu ta farko, Ɗan Guga ba ya yawo da guga. Duk garin da ya shiga sai ya ara daga hannun macen da ke ɗiban ruwa a wurin, in ba haka ba dodon ba zai fito ba. Ke nan ba zai iya shiga gari da girman kai ba. Sai ya yi sallama, ya gaisa, ya nemi masauki, ya saurari tsofaffi.

Dodannin ma sun samu suna kafin in iso gida. Laifin macijin Kusugu hani ne, don haka na kira su Hanau, a kan ƙirar su Tsayau da Sagau. Kowane Hanau abu ɗaya yake hanawa. Akwai na rijiya, akwai na kasuwa da ke hana ta ci, akwai mai hana barci. Da muka hau gadar kogin Kaduna na leƙa ruwan da ya janye ya bar duwatsu a fili, na tuna sunan garin nan ma daga kada ya samo asali, nan take na ƙara Hanau na mashigi, mai hana ƙetarewa.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi ya kai kwana takwas, mun mayar da zama bayan tarawihi. Wannan makon ƙwaya ce ta ci mini lokaci. Wasannin waje da yawa da ƙwaya mai fuska 20 suke aiki, guda ɗaya tak muke da ita, ta aro. Na je Panteka na nuna wa wani mai zubin alminiyam, ya juya ta a tafin hannu ya ce zai iya, amma bai yi mini alkawarin fuskokin za su zo daidai wa daida ba, kuma in ɗaya ta fi nauyi kullum nan za ta kwanta. Na ji daɗin gaskiyar da ya faɗa mini.

Wani a cikinmu ya kawo shawarar wuri. Na ƙi, don da an ga wuri a tabarma hankali duba da caca zai tafi. Ko a haka ma Umma ta taɓa leƙo zauren ta ce, "Ba dai caca kuke yi mini a gida ba ko?" Sai da na zaunar da ita ta kalli zama guda, ta ga ba ko sisi a tsakani, sannan hankalinta ya kwanta.

Mun tsaya a kan ƙwayar ludo guda biyu, wadda kowane kanti ke sayarwa. Hanyoyin faɗuwarsu 36 ne. Bakwai ko sama da haka na zuwa ta hanya 21, goma ko sama ta hanya 6 kacal. Na sa bakwai ta zama an yi nasara amma da asara, goma ta zama nasara tsaf. Abin da ya burge ni, ƙarin maki biyu kawai yana ɗaga damar samun goma daga 6 zuwa 15 cikin 36. Ke nan ɗan abin da jarumi ya sani kafin ya tunkari rijiya yana da nauyi sosai. Yadda zai samu wannan ƙari ne ban gama tsarawa ba.

Asabar, 5 ga Afrilu

Bayan Sallah da kwana huɗu maƙwabcinmu ya cika alkawari, ya kai ni wurin wani tsohon maharbi, ɗan'uwan mahaifinsa, a wani ƙauye gaba da Rigachikun. Mun hau mota a Kawo da sassafe. Mun same shi a inuwar ɗurumi yana gyaran igiyar akuya. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye goron da na riƙo.

Da na ce ina rubutu a kan mafarauta sai ya ɗaga hannu. "Tsaya yaro. Mafarauci daban, maharbi daban." Mafarauta a taro suke fita da rani, da karnuka da gora da barandami, ana kaɗa musu gangi, ana kirari, wani lokaci rabon nama ya zama faɗa. Maharbi shi kaɗai yake tafiya, da kwari da baka ko adaka, ba ya son ko tari. Ya ce shi na biyun ne, haka ubansa.

Ya aika jikansa ɗaki ya ɗauko burtu. Ban taɓa riƙe shi a hannu ba sai ranar. Itace ne aka sassaƙa kamar wuya da kan tsuntsun, aka lulluɓe da baƙar fata, ga dogon baki, an manna jajayen 'ya'yan idon zakara a wuya, wasu sun zube sun bar gurbi. Igiyar da ake ɗaurawa a goshi ta yi baƙi ta yi santsi don gumi. Duk da shekarunsa ya ɗaura shi, ya yafa tsohon bargo, ya duƙa, ya yi taku uku yana sunkuyar da kai yana ɗagawa kamar mai tsince-tsince a ciyawa. Wallahi a take na daina ganin mutum. Ya ce namun daji sun saba da burtu, ba sa gudunsa, shi ya sa ake shiga rigarsa. Amma in ba ka zauna ka kalli tsuntsun wata da watanni ba, takunka na farko zai tona ka.

Ya yi mini bayanin dafin kibiya da ake haɗawa da kwankwani, da yadda ake duba iska da ɗan toka kafin a matsa. Sai na yi tambayar da ta kawo ni. Na ce, "Baba, maharbi yana jin haushin abin da yake bi?" Ya dube ni kamar na yi tambayar yara. Ya ce mai fushi ba ya jin motsin ganye. Ya ce ya taɓa bin sawun dabba kwana uku, da ya cim mata ya ga tana da ciki, ya sauke baka ya juyo gida.

A mota na rubuta ma'auni biyu na Ɗan Guga a bayan takardar goro. Na farko Sani: duk abin da ya gano game da Hanau, ta hanyar tambaya, ko kallo, ko kwana a bakin rijiya, maki ɗaya ne a kan ƙwaya, iyaka uku. Na biyu Bashi: duk abin da gari ya ba shi, guga, igiya, tuwo, masauki, sirri, ana rubutawa, kuma ba ya fita garin sai ya biya.

Asabar, 12 ga Afrilu

Na karanta wa Kaka abin da na rubuta na asalin, tana tsinkar zogale a tire. A rubutun, wani baƙo ne ya zo ya kashe Hanau na farko. Ta ce, "Kai maigida, baƙon da ya kwana ɗaya a gari ina ya san lokacin da abin ke fitowa? Mu da muke zuwa rijiya mu muka san rijiya." Ta ba ni labarin ƙauyensu tana yarinya, yadda da jin ƙarar guga a ƙasa suke gane ko ruwa ya ja baya, da yadda kowace ta san gugar kowace ko da duhu.

Na koma ɗaki na yage. Yanzu asalin ruwaya uku ne, kamar yadda labaranmu na gaske suke zuwa da ruwayoyi, kuma littafin wasan ba zai ce ga ta gaskiya ba. Garin na ƙirƙira ne, na sa masa Garun Ƙishi.

Ruwayar fada, wadda makaɗa ke rerawa, gajera ce: ɗan sarki ya zo da dare a kan doki, ya sare Hanau, aka ba shi rabin gari.

Ruwayar maƙera ta ce ba hannun ba ne, wuƙar ce. An ƙera ta, amma babu ruwan da za a kashe ƙarfen a ciki, don shekara bakwai ke nan ana shan ruwa da awo. Sarkin maƙera ya bi gida gida da ƙwarya, kowane gida ya ba da ludayi guda daga ragowar tulunsa, har gidan da ke da mai jego. A cikin wannan ruwa aka tsoma wuƙar. Shi ya sa har yau ba a cewa wuƙar wane, sai wuƙar gari.

Ruwayar mata ita ce ba a rerawa, a bakin turmi ake faɗinta. Tsohuwar da ta sauki baƙon tana da jika, ana ce mata Ta-Rijiya, don a hanyar rijiya aka haife ta. Tun tana goye ake zuwa da ita ranar ɗiba. Ta girma tana kallo. Ta san Hanau ba ya motsi sai guga ta taɓa ruwa sau uku. Ta san in ya fito idonsa ba ya gani har sai ya girgiza kai. Ta san gugar kakarta kaɗai yake kamawa da haƙori, saboda facin fatar da ke gindinta. Daren da baƙon ya zo, ita ta riƙe igiya, ita ta ƙirga, ita ta ce masa "yanzu". Da gari ya waye aka yi ta buga tambari a fada. Ita kuwa ta wanke gugar, ta mayar wa kakarta, ta ce ta ji fatake na cewa akwai wani gari a gabas da kasuwarsa ta shekara ba ta ci ba. Ta ɗaura ɗankwali ta kama hanya.

Na rubuta musu kirari, layi biyu: Guga ba naka ba, igiya ba taka ba. Ruwa in ya fito, na gari ne.

Asabar, 26 ga Afrilu

Ni da abokina mai zane mun je gidan kayan tarihi na titin Ali Akilu don ya ga kawunan Nok da idonsa. A 1928 masu haƙar kuza suka fara tono irinsu kusa da ƙauyen Nok, a ƙaramar hukumar Jaba ta yanzu, daga baya a 1943 Bernard Fagg ya gane cewa aikin al'umma ɗaya ne. Ya tsaya gaban kai guda ya fi minti ashirin. Idanun masu kusurwa uku ne, an huda tsakiyarsu, hudar ta zarce cikin duhun kan. Ya ce, "Ka ga bakin rijiya." Fuskar Hanau ke nan ta samu: ba haƙora, ba ƙaho, idanu biyu kawai masu zurfi.

Abin takaici na makon, na kai takardar jarumi wani shagon buga takardu a yi mini gwaji guda goma, duk inda ɓ, ɗ da ƙ suke sai ga ɗan akwati. Kuɗin ya tafi. Daga yanzu a PDF zan riƙa kaiwa, in kuma tsaya a buga guda ɗaya in duba tukuna.

Asabar, 10 ga Mayu

Yau muka buga asalin daga farko har ƙarshe, awa uku da rabi, rabinsa da fitilar waya don an ɗauke wuta. Dokar aron guga ta yi abin da nake fata. Abokinmu da kullum takobi yake fara zarowa ya ɓata kusan rabin awa yana lallashin wata tsohuwa a cikin labarin, ya yi mata surfe, ya gyara mata danga, kafin ta yarda ta ba shi guga. Sun tara Sani uku. Ƙanwata ta jefa biyar da uku, da ƙarin ya zama sha ɗaya, Hanau ya faɗi. Ihun da suka yi sai da Umma ta aiko a ce mu rage murya.

Sai abin da ban shirya masa ba ya faru. Wannan abokin namu ya ce jaruminsa ba zai mayar da gugar ba. Ya ce ya sa ransa a kan rijiyar nan, don haka zai zauna a bakinta, duk mai ɗiba ya ba shi ladansa. A dokokin da na rubuta ba abin da zai same shi, Bashinsa dai zai tsaya a takarda. Na yi shiru ina neman abin faɗa. Ƙanwata ce ta ce a hankali, "Rijiya ta bayar, guga ya hana."

Tsigar jikina ta tashi. Wata huɗu ina neman asalin maharba, ban taɓa tambayar daga ina Hanau suke fitowa ba, ashe amsar tana cikin karin maganar da muke ji kullum. Na ɗauki muryar Mai Gatana na ce: kwana bakwai yana zaune a bakin rijiya, ya ga inuwa ta fi masa daɗi. Kwana arba'in, ya sauka 'yan matakai don rana ta dame shi. Da shekara ta zagayo, mata suka zo ɗiba, suka leƙa, suka ga idanu biyu masu zurfi suna kallonsu daga ƙasa. Ba wanda ya yi magana. Shi kansa mai jarumin ya ajiye takardarsa a tsakiyar tabarma ya ce, "Na yarda. A ba ni sabuwa."

Dokar ta shiga littafi tun kafin in kwanta: Bashin da ya kai bakwai ba a biya ba, jarumi ya fita hannun mai shi, ya koma hannun Mai Gatana a matsayin Hanau. Yanzu kuma na fahimci abin da ya sa sunan macijin Kusugu ya daɗe yana yi mini yawo a kai. Zan ƙara ruwaya ta huɗu, wadda 'Yan Guga ba sa faɗa wa almajiri sai ya shekara bakwai a hannunsu: Hanau na Garun Ƙishi shi ne mutumin da ya haƙa rijiyar.

Asabar, 17 ga Mayu

An yi ruwa da daddare, zauren ya ɗan yi yoyo ta kusurwar gabas, na kwashe takardu zuwa ɗaki. Babin asali ya kammala, shafi 14 da zane huɗu. Na kai wa Malam ya duba, ya ce in dawo ranar Talata. Kaka ta ce a sake karanta mata ruwayar mata, ta gyara mini abu ɗaya: a ƙauyensu in ka ari guga ba ka mayar da ita a bushe, da ruwa a ciki ake mayarwa. Na sa.

Saura Hanau na kasuwa da na mashigi, ko ɗaya ban taɓa ba, sai kuma yadda ake ɗaukar almajiri. Baban Rigachikun ya aiko jikansa ya ce in zo kafin shuka ta kankama, zai nuna mini yadda ake ɗaura burtu. Asabar mai zuwa babu zama, can zan tafi.